Shaiɗan Ba Shi da Rumbu

Ka taɓa jin an ce, "Kuɗin wane ba na Allah ba ne, mutum ya bayar"? Lalle ka taɓa ji. Saurayi ya tafi bida Legas ko Kwatano, ya yi shekara uku ba labari, sai ga shi da sabon babur, ya gina wa tsohuwarsa ɗaki da siminti ya rufe da kwano. Kafin a gama kaka ƙanensa ya yi zazzaɓi kwana biyu, ya mutu. Shi ke nan, magana ta tashi a bakin rijiya. Ba mai faɗi da ƙarfi, amma kowa ya ji.

Irin wannan zato ya daɗe a cikin mutane, amma a zamaninmu ya sami mai yi masa kiɗa, wato sinima. A dā sai ka shiga birni ka biya kuɗi kafin ka ga majigi. Daga baya kaset ya zo, aka buɗe gidajen kallo a unguwanni. Yanzu kuwa yaro yana kwance a zaure, salula a hannunsa, yana kallon abin da ubansa bai taɓa ko mafarkinsa ba. Cikin abin da ake kallo akwai wasanni masu ban tsoro na matsafa da 'yan ƙungiyar asiri. Bari mu ɗauki guda ɗaya, wanda yake kamar kakan sauran, mu ji abin da masu kallo suke faɗi a kansa, sa'an nan mu auna maganarsu da Maganar Allah.

Labarin Andy

A shekarar 1992 wani ɗan kasuwa mai suna Kenneth Nnebue ya zuba kuɗi aka yi wani wasa a Legas cikin harshen Ibo. Sunan wasan Living in Bondage, ma'anarsa zama cikin bauta. Kashi na biyu ya fito a 1993. A kaset aka sayar da shi, ya shiga gida gida, har mutane da yawa suna cewa daga kansa ne sana'ar wasannin bidiyo ta kudancin Najeriya ta kafu. Ko wanda ba ya jin Ibo, in ya zauna ya kalla zai gane inda labarin ya nufa.

Ga labarin a taƙaice. Wani mutum ne, Andy, yana da mata mai kirki, sunanta Merit. Ba su kwana da yunwa, gama matar tana aiki, amma zuciyar Andy ba ta kwanta ba. Yana ganin tsaransa cikin manyan motoci, shi kuwa duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Wani tsohon abokinsa, Paul, ya ce zai nuna masa hanya. Ya kai shi wurin wata ƙungiyar asiri ta attajirai masu yi wa Shaiɗan sujada. Bayan ya yi rantsuwa sai suka faɗa masa farashi: ya kawo wanda ya fi ƙauna a duniya. Andy ya so ya yi musu wayo. Ya ɗauko wata karuwa mai suna Tina ya ce ita ce matarsa. Da ta ga abin da ake shirin yi mata, sai ta yi kira ga jinin Yesu, tsafin ya watse. Matsafan suka ce masa ko ya kawo matarsa ta ainihi, ko shi ya mutu. Ya kawo Merit, ta mutu.

Kuɗi suka zo kamar ruwan Agusta. Ya sayi motoci, ya shiga babban gida, ya nemi wani aure tun ba a daɗe da binne ta ba. Amma fatalwar Merit ta hana shi sakat. Tana fito masa a wurin biki, tana fito masa a wurin ciniki. Ya koma wurin matsafan neman taimako, suka ce maganin abin shi ne a cire masa idanu a kuma dandaƙe shi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ya ƙi, ya haukace, ya koma yawo a titin Legas yana tonon juji. A can Tina ta gan shi. Ita kam ta riga ta tuba, ta zama mai bi. Ta kai shi majami'a, ya furta abin da ya yi, aka yi masa addu'a, hankalinsa ya komo. A 2019 an yi wani sabon kashi a kan ɗan Andy, wanda shi ma ya faɗa hannun irin mutanen nan, amma labarin uban ya ishe mu.

Abin da masu kallo suke faɗi

In an kashe tele, sai baki ya buɗe. Wani zai ce, "Ai wasa ne kawai. Jan ruwa suka shafa, matar nan ta tashi ta wanke jiki ta tafi gidanta." Gaskiyarsa ta wannan gefe. Mutanen nan sana'a suke yi. Kanayo O. Kanayo, wanda ya fito a matsayin ɗaya daga cikin manyan matsafan, ya daɗe yana shan tsokana, mutane suna yi masa laƙabi da mai ba da hadaya, alhali kuwa ɗan wasa ne, har ya yi karatu ya zama lauya a 2020. Amma wasa ma yana shuka abu a zuciya. Tatsuniyar da kakarka ta yi maka kana ɗan shekara biyar, ba har yau kana tunawa da ita ba?

Dattawa da mata da yawa sukan ce, "Wannan wa'azi ne. A bar yara su gani, gani ga wane ya isa wane tsoron Allah." Su ma suna da hujja, gama wasan bai ɓoye ƙarshen Andy ba.

Wasu kuwa, har da hukuma, suna ganin irin wasannin nan ɓarna suke koyarwa. A 2024 hukumar tace fina-finai ta Najeriya ta fito da ƙa'ida ta hana a riƙa ƙawata tsafin neman kuɗi a cikin wasanni. Dalilinsu shi ne, yaro yana kallon mota da gida da sarƙar zinariya na awa biyu, hauka kuwa na minti goma ne a ƙarshe. Wanne zai riƙe?

Akwai kuma wanda ba ya cewa kome. Saurayi ne, damina ba ta yi kyau ba, an sa masa ranar kai kuɗin aure, rumbun gidansu ya kusa ganin ƙasa. Yana tafiya gida cikin duhu yana cewa a ransa, "Andy wauta ya yi. Da ni ne, da na san yadda zan yi in ci kuɗin, in tuba daga baya." Domin wannan saurayi aka rubuta takardan nan, da kuma domin uwarsa da ubansa.

Duba da kyau, ya mai karatu. In ka cire mutum na fari, sauran duka sun yarda da abu guda ba tare da sun lura ba. Mai cewa wa'azi ne, da mai cewa ɓarna ce, da saurayin nan mai shiru, dukansu sun ɗauka cewa tsafin ya ci. An ba da jini, kuɗi sun zo. Gardamarsu a kan abin da ya biyo baya ne kaɗai. To, a nan ƙaryar take kwance, kamar kububuwa cikin kara.

Jini bai taɓa zama kuɗi ba

Ɗauko takardar jikka guda ka duba. Tana da lamba a jikinta. Babban bankin ƙasashenmu, wanda cibiyarsa take Dakar, shi ya fitar da ita, yana kuma sane da lissafinta. Ba aljanin da yake da injin buga kuɗi a cikin kuka. In an bi sawun masu kuɗin dare ɗaya, abin da akan tarar shi ne damfara, ko fasa-ƙwauri, ko sayar da ƙwaya, ko cin dukiyar jama'a. Mai yiwuwa suna zuwa wurin boka, amma kuɗin daga aljihun wani talaka suka fito. Ka kuma tambayi kanka, in boka ya san hanyar mai da jini kuɗi, me ya zaunar da shi a bukka yana jiran ka kawo masa baƙin bunsuru da jikka biyar?

Sai dai ƙaryar nan tana kisa da gaske. A watan Satumba na 1996, a garin Owerri na ƙasar Ibo, an yaudari wani yaro ɗan shekara 11 mai tallar gyaɗa, aka shigar da shi wani masauki da ake kira Otokoto, aka kashe shi. An kama mutumin da ya ɗauki kan yaron. Abin da ya samu shi ne ankwa, bayan 'yan kwanaki kuma ya mutu a hannun 'yan sanda. Da mutanen gari suka ga hoton a tele, sai suka tashi suka ƙone masaukin, da gidaje da motoci na masu kuɗin da suke zargi. A Janairu na 2022 kuma, a Abeokuta, waɗansu samari sun kashe wata yarinya, budurwar ɗaya daga cikinsu, domin su yi kuɗi. Da aka kama su, aka ji daga bakinsu cewa a Facebook suka ga yadda ake yi. Ina motar? Ina gidan? Iyaye sun rasa 'yarsu, samarin suka tafi kurkuku.

Kada wani ya ce muna musun akwai Shaiɗan. Akwai shi, akwai miyagun ruhohi, Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. Amma Ubangiji Yesu, wanda ya san shi sarai, ya faɗa mana sana'arsa guda biyu a Yohanna 8:44: kisa da ƙarya. Bai ambaci kyauta ba. A Yohanna 10:10 kuma ya yi maganar ɓarawo, wanda ba abin da ke kawo shi garke sai ɗauka da yanka da ɓarna. Ɓarawo ba ya noma. Shaiɗan bai taɓa halittar ko ƙwayar gero ɗaya ba. Ba shi da gona, ba shi da rumbu. Ruwan sama ba nasa ba ne, ƙasa ba tasa ba ce, ƙarfin da ke cikin damtsenka ma, Musa ya tuna wa Isra'ilawa cewa Allah ne yake ba mutum shi har ya sami abin hannu (Maimaitawar Shari'a 8:18).

Wani zai ce, "To, ba Shaiɗan ya nuna wa Yesu mulkokin duniya ya ce zai ba shi ba?" Haka ne, yana cikin Matiyu sura 4 da Luka sura 4. Ya ce nasa ne. Amma wa ya faɗa? Maƙaryaci ne ya faɗa. Dillalin da ya nuna maka saniyar wani a kasuwa ya ce tasa ce, in ka biya shi kuɗi, kai da mai saniya za ku kwana a gaban alƙali. Yesu bai tsaya ciniki ba, ya kore shi da Maganar Allah.

In kana son ka ga kuɗin jini na gaskiya, dubi Yahuza Iskariyoti. Shi ma ya ba da wanda ya ƙaunace shi, aka ƙirga masa azurfa 30. Ko gari bai gama wayewa sosai ba kuɗin suka zama masa garwashi. Ya mayar, aka ƙi karɓa, aka ce masa wannan matsalarsa ce. Ya watsar da su a Haikali, ya tafi ya rataye kansa. Abin da aka saya da kuɗin nan fili ne na binne baƙi (Matiyu 27:3-8). Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanen dā. Manzo Bulus ma ya gargaɗi Timoti cewa masu ƙudurta sai sun yi arziki ko ta halin ƙaƙa, tarko suke faɗawa (1 Timoti 6:9-10). Tun ranar da Andy ya fara jin zafin motar abokinsa ya shiga bauta, tun bai ga ƙofar matsafa ba.

Ɓarnar da tsoro yake yi

Mu koma wurin saurayin nan mai babur. Wa ya ga ya ba da ƙanensa? Ba kowa. Abin da aka gani shi ne babur da gawa, sai aka ɗinke su da zaren sinima. Alhali kowa ya sani daga tsakiyar damina zuwa kaka sauro yake yawa, a lokacin ne zazzaɓi yake ɗibar yara, a gidan mai babur da gidan marar jaki duka. Wataƙila saurayin nan shekara uku ya yi yana dako a tasha, yana kwana a kan kwali, yana cin garin rogo da ruwa domin ya tara. Ya dawo ya rasa ɗan'uwa, sa'an nan ya tarar mutane suna janye 'ya'yansu in ya wuce. Wannan shaidar zur ce, Allah kuwa ya hana ta cikin Dokoki Goma (Fitowa 20:16). Haka nan ake yi wa tsofaffin mata da zancen maita. Abin baƙin ciki, har cikin ikilisiya akan ji irin wannan raɗa. Ibrahim mai dukiya ne, Ayuba ma haka, Bo'aza kuma yana da gonaki da ma'aikata. Wa suka bayar?

Tsoron nan kuma shi yake mai da mai bi wurin da ya baro. Uwa ta kalli wasan, dare ya yi ta kasa barci, gobe ta je a ɓoye ta karɓo laya ta ɗaura wa jariri a ƙugu. Yaro ya yi zafin jiki, maimakon a kai shi likita da wuri, sai a tsaya ana tambayar wa ya kama kurwarsa. Kwana uku sun wuce, sa'an nan a sa shi a amalanke. Shaiɗan bai buƙaci wata ƙungiya mai jan kyalle ba, tsoro ya yi masa aikin.

Game da fatalwa, yara sukan tambaya ko matattu suna dawowa. Ku amsa musu a fili. Cikin labarin mai arziki da Li'azaru, a Luka sura 16, Yesu ya nuna cewa wanda ya mutu ba ya yawo yadda ya ga dama. Amma akwai gaskiya a ƙarƙashin abin da wasan ya nuna: jinin marar laifi ba ya yin shiru a gaban Allah. Kayinu ya kashe Habila a saura, ba mai gani, duk da haka Allah ya ji, Kayinu kuwa ya zama mai yawo marar kwanciyar rai (Farawa sura 4). Mai laifi ba ya buƙatar fatalwa. Lamirinsa yana kwana da shi a tabarma ɗaya.

Sai kuma maganar Tina. Masu bi sukan yi murna a wurin nan, har su tafa, su ce, "Kun ga ƙarfin sunan Yesu!" Hakika sunansa yana da iko, duk wanda ya yi kira gare shi cikin wahala da zuciya ɗaya yana ji. Amma a yi hankali kada a mai da sunan ya zama wata sabuwar laya. A Afisa waɗansu 'yan'uwa bakwai, 'ya'yan wani firist, sun gwada kiran sunan Yesu a kan mai aljan, su kuwa ba su ba da gaskiya gare shi ba. Mutumin ya fāɗa musu da duka, suka fita a guje tsirara da raunuka (Ayyukan Manzanni 19:13-16). Ko a cikin wasan, Tina ba ta tsaya ga ihun dare ɗaya ba, ta bar tsohuwar hanyarta.

Wa ya ba da wanda yake ƙauna?

Ka lura da farashin da matsafan suka faɗa: kawo wanda ka fi ƙauna. Wannan tsohon farashi ne. Mutanen dā sun ƙone 'ya'yansu ga gunkin da ake kira Molek, Allah kuwa ya faɗa ta bakin annabi Irmiya cewa bai taɓa umartar haka ba, abin ƙyama ne a gare shi (Irmiya 32:35). Sa'ad da ya gwada Ibrahim a kan dutse, shi da kansa ya tsai da wuƙar, ya tanada rago.

Bishara ta juya cinikin nan gaba ɗaya. Mu ne muke da bashi, gama dukanmu mun yi zunubi, bashin kuwa ya fi ƙarfin rumbunmu. Allah bai ce ka kawo matarka ko ɗanka ba. Shi ne ya ba da wanda ya fi ƙauna, makaɗaicin Ɗansa (Romawa 8:32). Ba a yaudari Yesu aka kai shi ba kamar yadda aka yi wa Merit. Da sani ya tafi, da yardar ransa ya hau gicciye. Ba a ɗaki mai duhu aka yi ba, a bakin hanya ne, da rana tsaka, a gaban jama'a. A rana ta uku ya tashi, ba fatalwa ba, gama ya ci kifi a gaban almajiransa, ya ce su taɓa shi. Jinin Habila ƙara yake kaiwa, jinin Yesu kuwa gafara yake roƙo (Ibraniyawa 12:24).

Masu kallo da yawa ba su ji daɗin ƙarshen wasan ba. Suna cewa, "Yaya mutum zai kashe matarsa, a yi masa addu'a, shi ke nan?" Tambaya ce mai nauyi. Gafarar Allah ba ta hana hukuma yin aikinta, wanda ya zub da jini dole ya amsa a gaban shari'a, tuba ta gaskiya kuma ba ta gudun wannan. Amma ko akwai gafara ga irin Andy? Karanta 2 Tarihi sura 33. Manassa, sarkin Yahuza, ya yi shekara 55 a kan gado. Ya ƙone 'ya'yansa hadaya, ya yi duba, ya yi sihiri, ya tara bokaye da masu sha'ani da matattu. Assuriyawa suka kama shi, suka ɗaure shi da sarƙa suka kai shi Babila. A can ya ƙasƙantar da kansa ƙwarai, ya yi roƙo, Allah kuwa ya ji shi ya komo da shi. Da ya dawo ya kwashe gumakan ya zubar a bayan birni. Sai dai 'ya'yan da ya ƙone ba su dawo ba, ɗansa Amon kuma da ya gaje shi ya bi tsohuwar hanyar uban, barorinsa suka kashe shi bayan shekara biyu. Kai saurayi mai cewa za ka ci kuɗin ka tuba daga baya, wa ya ba ka takardar alkawari cewa za ka kai gobe? Yahuza ma ya yi da-na-sani.

Ku iyaye, ku san abin da ke cikin salular 'ya'yanku. In sun riga sun kalli irin wasan nan, faɗa ba zai cire hoton daga kansu ba. Ku zauna da su bayan tuwon dare, ku tambaye su abin da suka gani, ku karanta musu Markus sura 5, labarin mutumin da yake kwana a makabarta yana tsinka sarƙoƙi, wanda aka tarar daga baya zaune kusa da Yesu, da riga a jikinsa, da hankalinsa. Ku yi addu'a tare kafin a kwanta. In ɗanku zai tafi bida, ku faɗa masa a fili cewa ko da hannu wofi ya dawo, ƙofar gida a buɗe take. Sau da yawa gorin gida ne yake tura yaro wurin abokai irin su Paul.

Mutanen Afisa, da suka ga abin da ya sami 'yan'uwan nan bakwai, sai masu bi a cikinsu suka fito suka furta abin da suke yi a ɓoye. Masu sihiri suka tattaro littattafansu suka ƙone a gaban kowa, aka lissafta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. In akwai laya a ƙugun ɗanka, ko guru a ƙarƙashin gado, ko wani abu da aka binne a ƙofar gida, kira fasto ko mai bishara na garinku da dattawan ikilisiya, ku tone shi tare da rana. In kuma bakinka yana cikin waɗanda suka ce wane ya ba da ƙanensa, tashi ka tafi gidansu ka yi wa uwarsa gaisuwar da ba ka yi ba.